Zubi Huɗu Kacal: Me Ya Sami Federer a Paris?

Ranar Lahadi 8 ga Yunin 2008, a filin Philippe Chatrier da ke birnin Paris, allon sakamako ya nuna abin da har yau masoya wasan tanis ba su gama muhawara a kansa ba: 6-1, 6-3, 6-0. Rafael Nadal ɗan Sifaniya ne ya yi nasara, Roger Federer ɗan Suwizalan ne ya sha kaye, a wasan ƙarshe na gasar Roland Garros. Awa ɗaya da minti 48 aka yi aka tashi. Wanda aka yi wa wannan cin kaca kuwa ba ɗan koyo ba ne. Shi ne na ɗaya a duniya tun Fabrairun 2004, yana da manyan kofuna 12 a hannu, kuma rabon da wani ya shafe shi 6-0 a turmi guda tun 1999, lokacin yana ɗan saurayi.

Domin wanda bai saba da lissafin tanis ba: aƙalla maki huɗu ke ba ɗan wasa zubi ɗaya, aƙalla zubi shida ke ba shi turmi, wanda ya fara cin turmi uku shi ya ci wasa a manyan gasanni na maza. A ranar an yi zubi 22. Nadal ya kwashe 18, Federer ya tsira da huɗu. Rabon da a ga wasan ƙarshe mai gefe ɗaya haka a Paris tun 1977, da Guillermo Vilas ya doke Brian Gottfried 6-0, 6-3, 6-0.

'Yan kallon Paris sun daɗe da son Federer. Yana jin Faransanci, wasansa na da kyan gani, kuma kofin Roland Garros kaɗai ya rage masa ya haɗa manyan kofuna huɗu na duniya, abin da rabon da wani namiji ya yi tun Andre Agassi a 1999. Tarihi suka zo gani. Sun yi ta kiran sunansa suna ƙarfafa masa gwiwa, har murya ta dushe, fili ya yi tsit. Bayan an watse, magoya baya suka rabu gida-gida. Wasu suka ce ba shi da lafiya. Wasu suka ce tsoron Nadal ya shige shi. Wasu suka ce zamaninsa ne ya wuce. Masu zafin rai suka ce ya saki wasa ne kawai, ya ci amanar waɗanda suka sayi tikiti. Kowa da nasa bayani, amma dukansu wuri ɗaya suke kallo: jikin Federer da zuciyarsa.

Ruwa ba ya tsami banza. Bari mu ɗauki zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya, mu aza kowanne a ma'auni.

Zargin rashin lafiya

Wannan zargi yana da tushe. A watan Maris na shekarar, aka bayyana cewa Federer ya yi fama da wani zazzaɓi mai kumbura kaluluwa da kashe jiki tun farkon shekara. Da shi a jikinsa ya buga gasar Ostireliya, inda Novak Djokovic ya fitar da shi a wasan kusa da na ƙarshe. Ciwon ya ci masa makonni na atisaye, kuma ɗan tanis da ya rasa atisayen farkon shekara yakan daɗe yana biyan bashin.

Sai dai ga abin da ya biyo baya. Mako guda bayan kayen Paris, Federer ya ɗauki kofin Halle a Jamus a kan ciyawa. Daga nan ya tafi Wimbledon ya kai wasan ƙarshe ba tare da ya bar wa kowa turmi ko ɗaya ba. Ranar 6 ga Yuli, mako huɗu cif bayan Paris, ya tsaya gaban wannan Nadal ɗin dai har awa 4 da minti 48, sai a turmi na biyar aka raba gardama da 9-7, duhu ya riga ya fara shiga. A watan Satumba ya ɗauki kofin Amurka. Mutumin da ciwo ya kayar a Yuni ba ya yin wannan a Yuli. Ciwon ya rage masa kaifi, wannan gaskiya ne, amma bai isa ya bayyana 6-0 ba.

Zargin tsoro da na tsufa

Masu cewa tsoro ne su ma suna da hujja. A Roma a 2006, bayan fafatawar sama da awa biyar da Nadal, Federer ya samu dama biyu ta kammala wasa, ya ɓarar. A wasan ƙarshe na Paris a 2007 ya samu damar karya sabis ɗin Nadal, wato cin zubin da Nadal ke fara bugu, sau 17, sau ɗaya tak ya ci. A Monte Carlo a Afrilun 2008 yana gaba da 4-0 a turmi na biyu, ya ƙare da 5-7. A Hamburg a watan Mayu yana gaba da 5-1 a turmin farko, shi ma ya suɓuce. Duk wanda ya jera waɗannan zai ce biri ya yi kama da mutum.

Amma a duba da kyau. Matsoraci ba ya shiga gaba da 4-0 ko 5-1 tun farko. Federer ɗin nan ne a Hamburg a 2007 ya tsinke wa Nadal jerin nasarori 81 a kan jar ƙasa, ya rufe da 6-0 a turmin ƙarshe. Shi ne kuma a Wimbledon ta 2008 ya tashi daga turmi biyu a ƙasa, ya kuɓuta daga makin da zai ba Nadal kofi, ya ja wasa har ƙarshe. Zuciya tana nan. Abin tambaya shi ne, me ya sa duk sanda ya yi gaba a kan jar ƙasa sai a kamo shi? Wannan ya nuna akwai wani abu da ke aiki a hankali cikin wasan, wanda ƙarfin hali kaɗai ba ya maganinsa.

Batun tsufa kuwa ba sai an daɗe a kansa ba. Shekarunsa 26 a ranar. Bayan haka ya ƙara manyan kofuna takwas, na ƙarshe a 2018.

Alamar da aka tsallake

Da yake idon kowa na kan wanda ya faɗi, ba a kula da hanyar da wanda ya ci ya biyo ba. A zagaye na huɗu Nadal ya haɗu da ɗan ƙasarsu Fernando Verdasco: 6-1, 6-0, 6-2. A zagaye na gaba ya haɗu da Nicolás Almagro, gwanin jar ƙasa: 6-1, 6-1, 6-1. Kowannensu zubi uku ya samu. Djokovic, wanda ke riƙe da kofin Ostireliya a lokacin, shi ne ya ɗan taɓuka a wasan kusa da na ƙarshe, shi ma bai ci turmi ba. A wasanni bakwai na gasar gaba ɗaya, zubi 41 kacal aka ci Nadal, wato ƙasa da shida a kowane wasa.

Ashe zubi huɗun Federer ba baƙon abu ba ne a wannan mako biyun. Abin da ya ci Doma ne bai bar Awe ba. Verdasco bai yi zazzaɓi ba, Almagro bai tsufa ba. Tun da haka ne, tambayar ta sauya. Ba "me ya sami Federer?" ba ce, "me Nadal yake yi musu?" ce. Amsar kuwa tana da rassa uku: ƙasar da ake wasa a kai, hannun da yake bugu da shi, da ƙafafunsa.

Ƙasa, hannu da juyin ƙwallo

Filin Roland Garros ba yumɓu ba ne zalla. Garin jan bulo ne da aka niƙa, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, an barbaɗa shi a kan farin dutse da aka daddage. Idan ƙwallo ta sauka a kan ciyawa sai ta sulale ƙasa-ƙasa da sauri. Idan ta sauka a kan wannan gari sai ta cije, gudunta ya ragu, ta yi tsalle sama. Idan kuma mai bugun ya murɗa ta tana juyi ta gaba, tsallen sai ya ƙaru.

A nan Nadal ya fita daban. Yakan ɗebo ƙwallo daga ƙasa, ya shafe bayanta da raket zuwa sama da ƙarfi, har hannun ya ƙare a saman kansa yana kewayawa. Wani mai nazarin tanis a Amurka, John Yandell, ya auna bugun manyan 'yan wasa da kyamara mai saurin ɗauka. Ya samu cewa ƙwallon Pete Sampras da ta Agassi na juyi sau 1,800 zuwa 1,900 a minti, ta Federer kusan 2,700, ta Nadal kuwa kusan 3,200, wani lokaci ta doshi 5,000. Ƙwallo ce mai juyi kamar katantanwa a hannun yaro gwani. Tana wuce raga da tazara mai yawa, ta sunkuyo ta faɗa cikin fili, sannan ta zabura ta nufi kafaɗar abokin karawa.

Ga kuma batun hannu. Nadal da dama yake rubutu, amma da hagu yake riƙe raket, haka ya taso a hannun baffansa Toni, wanda ya koya masa wasa tun yana ƙarami a tsibirin Mallorca. Idan bahago ya yi bugun gaban hannu a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, ƙwallon na sauka ne a ɓangaren bayan hannun mai amfani da dama. Bugun karkace kuwa shi ne mafi aminci a tanis, domin tsayin raga a tsakiya santimita 91.4 ne, a gefe kuwa 107, kuma daga kusurwa zuwa kusurwa fili ya fi tsawo. Ma'ana, bugun da ya fi wa Nadal sauƙi da ƙarfi shi ne yake faɗawa daidai inda Federer ya fi rauni.

Federer da hannu ɗaya yake bugun bayan hannu. Mai karatu ya gwada da kansa: ka miƙe tsaye, ka kai hannun damanka wajen ƙugunka na hagu, ka watsa shi gaba kamar za ka mari wani abu da bayan hannu. Za ka ji ƙarfin yana tasowa daga ƙafa da ƙugu. Yanzu ɗaga hannun zuwa saitin kafaɗarka ta hagu ko kunnenka, ka sake gwadawa. Ƙarfin ya tafi, kafaɗa kaɗai ke aiki. A wannan saitin Nadal yake ajiye wa Federer ƙwallo, sau biyar, sau shida, sau goma a maki guda, har sai amsar ta zo gajeriya, shi kuma ya shigo ya kashe.

To me zai hana Federer ya kauce? Hanyoyin fita uku ne, kowacce da ƙaya. Ya mayar da ƙwallon ta miƙe a gefen layi, inda raga ta fi tsawo kuma fili ya fi gajarta. Ko ya zagaya ya buga da gaban hannu, ya bar rabin fili a buɗe. Ko ya rugo gaban raga. A 2008 ya ɗauki José Higueras, tsohon gwanin jar ƙasa ɗan Sifaniya, domin ya taya shi warware wannan ƙulli, kuma a wasan ƙarshen ya yi ta rugowa raga yana neman gajarta maki. Nadal ya yi ta zura ƙwallo ta gefensa ko ya sauke masa ita a ƙafa. Abin da wasu 'yan kallo suka ɗauka sakin wasa ne, a gaskiya mutum ne yake gwada ƙofa bayan ƙofa yana tarar da su a kulle.

Hatta damar nan 17 ta 2007 tana da bayani a nan. Yawancin makin karya sabis ana buga su ne a ɓangaren hagu na fili, kuma a can ne sabis ɗin bahago yake lanƙwasa ya fita waje, ya ja mai karɓa ta bayan hannunsa har wajen layi. A lokacin da Federer ya fi buƙatar maki, tsarin wasan da kansa yana miƙa wa Nadal makaminsa mafi kaifi.

Saura ƙulli ɗaya

Da a ce bugun hannu ɗaya da tsallen ƙwallo su ne dukan labarin, da mai bugun bayan hannu da hannu biyu ya tsira. Ranar 11 ga Oktoban 2020 aka gwada wannan a Paris, da Nadal ya haɗu da Djokovic mai bugu da hannu biyu. Annobar korona ta sa an ɗage gasar zuwa lokacin sanyi, an sauya irin ƙwallon da ake amfani da ita, an rufe rufin fili, 'yan kallo ba su wuce 1,000 ba. Sanyi da laima na rage tsallen ƙwallo, saboda haka masana da yawa suka ba Djokovic nasara, wanda bugun bayan hannunsa na cikin mafi inganci da aka taɓa gani. Sakamako: 6-0, 6-2, 7-5, Nadal ya ci. Magoya bayan Djokovic suka shiga irin tambayoyin da magoya bayan Federer suka yi shekara 12 baya.

Reshe na uku ke nan, ƙafafu. A kan jar ƙasa ɗan wasa yana iya zamewa ya isa ƙwallo, ya buga yana cikin zamiya, ya tsaya daidai inda zai juyo. Nadal ya ƙware a wannan ta kowane ɓangare, kuma filin Chatrier yana da sarari mai faɗi a bayan layi da gefe, inda yake ja da baya ya sayi lokaci. Bugun da a wani fili ya gama maki, a nan sai ya dawo, kuma ba dawowar neman tsira ba, ya dawo da nauyi da zurfi. Abokin karawa sai ya ci maki ɗaya sau biyu ko uku kafin a rubuta masa. Idan ya ga haka sai ya ƙara matsawa kusa da layi, ya ƙara ƙarfi, ya yi gaggawa. Daga nan kuskure ke fara zuba.

A wasan 2008 an ƙirga wa Federer kurakurai 35 na ganganci, Nadal bakwai. Wannan adadi ne magoya baya suka riƙe a matsayin shaidar cewa gwaninsu bai zo da wasansa ba. Amma sun karanta shi a juye. Kurakuran ba su ne suka jawo kayen ba, matsin ne ya haife su. Akwai lokacin da wasan ya so ya juya: a turmi na biyu Federer ya farfaɗo daga 0-2 zuwa 3-3, har ya samu damar karya sabis, fili ya ɗauki sowa. Nadal ya tare damar, daga nan bai sake barin zubi ko ɗaya ba, tara a jere har ƙarshe. Cikin zubi 11 da Federer ya yi sabis, uku kaɗai ya riƙe.

Lissafin tanis kuma yana kumbura tazara. Idan mutum yana cin maki 60 cikin 100, lissafi ya nuna zai ci zubi kusan 74 cikin 100, domin makin da aka ci a zubin da aka rasa ba ya zuwa ko'ina. Ɗan fifiko kaɗan a kowane maki, idan ya ɗore, a allo sai ya fito kamar sama da ƙasa. Shi ya sa 6-0 ke ruɗin ido.

Saura a ce, me ya sa 2008 ta fi 2006 da 2007 muni, alhali a shekarun biyu Federer ya ci turmi guda-guda? Saboda Nadal ɗin ne ya ƙaru. Yana da shekara 22, ya matso kusa da layi, bugun bayan hannunsa ya yi ƙarfi har ya zama makamin kai hari. Daga Hamburg a watan Mayu ya ci wasa 32 a jere, a jar ƙasa da ciyawa da daɓe, ya haɗa da kofin Queen's da na Wimbledon. Ya ci zinare a Olamfik ta Beijing, ranar 18 ga Agusta kuma ya karɓi matsayi na ɗaya daga Federer, wanda ya riƙe shi mako 237 a jere. Gaba da gabanta.

Abin da 'yan kallo suka gani ba su gane ba

Da maki na ƙarshe ya faɗi a wasan Paris na 2008, Nadal bai zube a ƙasa yana birgima ba kamar yadda ya yi a shekarun baya. Ɗaga hannu ya yi, ya nufi raga, a wajen ba da kofi kuma ya ba Federer haƙuri a gaban jama'a. Ya san darajar wanda ya kayar fiye da masu zaginsa a ranar.

Waɗanda suka fita suna cewa an cuce su, ba a ba su tarihin da suka zo gani ba, tarihi ne ya wuce ta gabansu. Nadal ya ci kofi na huɗu a jere, ya kamo Björn Borg na Suwidin da ya yi haka daga 1978 zuwa 1981, kuma Borg ɗin yana zaune a filin yana kallo. Nadal ne kuma namiji na farko tun Borg a 1980 da ya ɗauki kofin ba tare da ya rasa turmi ba. Shekaru sun gaskata abin. Nadal ya buga wasan ƙarshe 14 a Paris, bai faɗi ko ɗaya ba. Stan Wawrinka ya samu zubi shida a 2017, Casper Ruud shida a 2022. Jimillar wasanninsa a gasar: nasara 112, faɗuwa huɗu. Federer ya samu kofin da yake nema a 2009, shekarar da Robin Söderling ya fitar da Nadal a zagaye na huɗu, amma sau shida suka haɗu da Nadal a Roland Garros, sau shida ya faɗi. Ko bayan ya sauya raket zuwa mai faɗi, ya gyara bugun bayan hannunsa har ya doke Nadal a wasan ƙarshe na Ostireliya a 2017, da suka dawo jar ƙasar Paris a 2019 turmi uku aka yi masa a jere. Jama'ar Paris da suka daɗe suna mara wa abokan karawar Nadal baya, a watan Mayun 2025 sun cika filin domin karrama shi, Federer da Djokovic da Andy Murray na tsaye a gefensa.

Hukuncina shi ne, Federer bai ci amanar kowa ba a 2008. Ya haɗu ne da ɗan wasan da ƙasa da hannu da ƙafa suka taru suka ba shi fifiko, a shekarar da ya kai ƙololuwar ƙarfinsa. Son gwani ba laifi ba ne, jin zafin faɗuwarsa ma haka, amma zaluntarsa da zargin ragwanci laifi ne, haka ma tauye wa wanda ya yi nasara haƙƙinsa. Ya mai karatu, duk ranar da aka yi wa gwaninka irin wannan kaye, a tanis ne ko a wani wasa, kafin ka tuhume shi ka fara duba abin da abokin karawarsa ya yi, da yadda ya yi wa waɗanda suka gabace shi. Mafi yawan lokuta a can amsar take.